Rarraba barci don samun lokacin aikin sha'awa: akwai wanda ya gwada?

Ɗan Kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya gwada da kansa.

Akwai wata manhaja da nake rubutawa, ta koya wa yara lissafi ta hanyar wasa. Ba don kuɗi ba, sha'awa ce kawai, amma ta shiga raina sosai. Lokaci ne babu. Aiki ya cinye yini, in na dawo iyali na da haƙƙinsu, kafin in buɗe kwamfuta ido ya riga ya yi nauyi.

To sai na ci karo da masu rarraba barcinsu gida-gida a cikin awa 24, maimakon kwanciya ɗaya doguwa. Akwai tsarin da suke kira Uberman: minti 20 duk bayan awa 4, sau 6 ke nan, jimla awa 2. Akwai Dymaxion: minti 30 duk bayan awa 6, shi ma awa 2. Sai Everyman: babban barci na awa 3 da dare, a ƙara da minti 20 sau 3 a sauran yinin, jimla awa 4. Hujjarsu ita ce wai in ka matsa wa ƙwaƙwalwa za ta koyi faɗawa cikin barcin mafarki da zarar ka rufe ido, ta tsallake sauran da suke ganin ɓata lokaci ne.

Biyun farko sun fi ƙarfina, na sani. Everyman nake hange. In na sauko daga awa 8 zuwa 4, na samu awa 28 a mako. Da wannan ai cikin 'yan watanni na gama. Wa ya taɓa yi? Yaya jiki ya karɓa?

Maman Ilham

Wa alaikumus salam. Ni na yi Everyman ɗin, ɗan uwa, kuma dalilina irin naka ne. Akwai wani bargo mai launi da yawa da na daɗe ina son saƙawa da kwarashi, irin wanda sai kana ƙirga, kana canja zare a daidai wurinsa, in ka kuskure ɗaya duk zanen ya karkace.

Farko-farko na ji daɗi. Ƙarfe 2 na dare gida tsit, babu mai kiran sunana, babu ƙarar waya. Amma awannin da na samu ba irin waɗanda nake tsammani ba ne. Ina zaune kwarashi a hannu ina ƙirga, in na kai 14 sai in tsaya ina tunanin 14 ne ko 24. In koma farko. Gari ya waye in ɗaga abin da na saƙa a haske, in ga launi ya kauce tun a layukan farko, dole in warware. Har zaren ya yi gashi saboda yawan warwara.

Barcin ranar kuwa shi ne babbar matsala. Tsarin ba ya yafiya. In lokacin minti 20 ɗinka ya zo kana tsakiyar wani abu, ko yaro na kuka, ko baƙo ya shigo, ka rasa shi ke nan, kuma sai ka ji a jikinka har washegari. Abin ya zame min kamar mai yanke ƙasan bargo ta ɗinka a sama don ya ƙara tsawo. Na koma barcina, bargon kuma na gama shi da rana a hankali.

Ɗan Dare

Hajiya, ki yi haƙuri, amma ina ganin ba ki wuce lokacin sabo ba ne. Duk masu wannan tsari sun faɗa, makonnin farko wuya ce zalla, sai an daure jiki ke karɓa. Kuma akwai waɗanda suka yi aka gani. Buckminster Fuller, mai zanen gine-ginen nan ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiro Dymaxion, mujallar Time ta ba da labarinsa a 1943, an ce ya yi shekara 2 a kai. Steve Pavlina, wani marubuci a intanet, ya yi Uberman daga ƙarshen 2005 zuwa 2006, wata 5 da wani abu, yana rubuta halin da yake ciki. Ana ma cewa Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya a zamanin da, haka yake barci. Waɗannan ba ragwaye ba ne, kuma ba su haukace ba.

Ni yanzu haka awa 4 da rabi nake yi da dare, sai minti 20 sau 2. Ina koyon kiɗan jita da zane a lokacin da na samu, kuma lafiyata lau.

Maman Ilham

Na daure fa, ɗan uwa. Abin da ya canja bayan makonnin farkon shi ne na daina jin barcin kamar da. Ƙirgan dai bai gyaru ba.

Malam Mai Nazari

Wannan maganar ta Hajiya, cewa ta daina jin barcin amma ƙirgan bai gyaru ba, ita ce gaba ɗaya batun, kuma an auna ta.

A 2003 Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu a Jami'ar Pennsylvania suka fitar da wani bincike. Sun raba lafiyayyun mutane rukuni-rukuni, wasu awa 8 a gado, wasu 6, wasu 4, har kwana 14, suna gwada saurin hankalinsu kullum. Masu awa 6 da masu awa 4 kullum ƙara lalacewa suke yi, ba su tsaya a wani mataki sun daidaita ba. Kafin mako 2 su cika, sakamakonsu ya yi daidai da na wanda ya kwana ɗaya ko biyu cur bai rintsa ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne in an tambaye su yaya suke jin barci, amsarsu ta ɗan tashi a kwanakin farko, daga nan kusan ta tsaya. Su a ganinsu sun saba. Na'ura kuwa tana nuna suna ci gaba da zamewa.

Don haka Ɗan Dare, in ka ce lafiyarka lau, ban ƙaryata ka ba, haka kake ji. Amma ƙwaƙwalwar da za ta yanke hukuncin ko ta gaji ita ce wadda ta gaji.

Sai hujjar barcin mafarki da Ɗan Kwamfuta ya kawo. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90. A farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, wanda in an tashe ka daga cikinsa ba ka san inda kake ba. Barcin mafarki kuma ya fi yawa gab da asuba. In an tauye wa mutum barci, abin da jiki ke fara karewa shi ne mai nauyin, ba na mafarkin ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna jiki bai ɗauke shi ɓata lokaci ba. Faɗawa mafarki da zarar an rufe ido kuwa, likitocin barci alama suke ɗaukarta ta matsanancin rashin barci, ko ta wata cuta mai sa barci ya riƙa kwashe mutum ba shiri. Ba ƙwarewa ba ce.

Game da mutanen da ka ambata: Fuller ya bari, kuma dalilin da aka ruwaito shi ne abokan harkarsa ba su bi tsarin ba. Pavlina ma ya bari, ya ce zaman da iyali da sauran jama'a ne ya gagara. Dukansu biyu bakinsu kawai muka ji, ba wanda ya sa su a ɗakin gwaji. Na da Vinci kuwa labari ne da ke yawo, babu wani rubutu na zamaninsa da ya tabbatar. A 2021 gidauniyar nazarin barci ta Amurka ta sa masana suka bi binciken da ake da shi kan waɗannan tsare-tsare, suka ce ba su ga hujjar amfaninsu ba, kuma ba su ba da shawarar a yi ba.

Ɗan Dare

Malam, binciken 2003 ɗin nan mutanen barci ɗaya suka yi a dunƙule. Ba a ba su gajerun barcin rana ba. Ai ba abu ɗaya ba ne.

Malam Mai Nazari

Gaskiyarka, ba ɗaya ba ne, kuma gyara ne mai kyau. Amma an gwada rabawar ma. Abin da ake ta samu shi ne in jimlar awannin ba ta ragu ba, raba barci gida biyu ba ya yin wata ɓarna sosai. In jimlar ta ragu, rabawa ba ta cike giɓin. Jimla ce ke magana. Shawarar da ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka fitar a 2015 ita ce baligi ya samu awa 7 ko fiye. Kai kana kan awa 5 da minti 10.

Kafinta

Ni tambayata ɗaya ce ga mai son yi: aikin sha'awarka yana da haƙori? Nawa yana da shi. Ina ƙera ƙananan akwatuna da kujerun yara bayan na tashi daga aikin ofis. Zarto da kurfi ba su san ka yi Everyman ba. Akwai wani abu da ke samun wanda barci bai ishe shi ba, ido a buɗe amma na daƙiƙa 2 ko 3 ba ya nan. Mai kwamfuta in hakan ta same shi, layi ɗaya ya ɓata. Ni yatsa ne.

Sannan ko da ina so, wa zai bar ni in buga guduma ƙarfe 3 na dare? Lokacin da tsarin ke ba ka lokaci ne da ba kowane aiki ke shiga cikinsa ba.

Nas ɗin Dare

Bari in sa baki, don mu ba zaɓa muka yi ba, aiki ne ya rarraba mana barci. Abin da nake so ku sani shi ne barci ba ya zuwa don agogo ya ce ya zo. Abu biyu ke tafiyar da shi. Na farko nauyin da ke taruwa tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari ne mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne kuma kofi ke toshe wa hanya na ɗan lokaci. Na biyu agogon jiki, wanda haske ke saitawa. Agogon nan yana da lokacin da yake buɗe ƙofa, yana da lokacin da yake rufewa. Da tsakar rana bayan azahar yakan ɗan sassauta, shi ya sa gyangyaɗi ke zuwa a lokacin. Amma awa 2 zuwa 3 kafin lokacin kwanciyarka na kullum, ƙofar a rufe take gam. Ka kwanta minti 20 a lokacin, ka tashi ba ka rintsa ba, tsarin kuma ya lissafa maka shi a matsayin barci.

Sai kishiyarsa. Ƙarfe 3 zuwa 5 na asuba zafin jiki na can ƙasa, hankali na can ƙasa. Mu a wurin aiki a wannan lokacin ne muke karanta sunan magani sau biyu, mu kira abokiyar aiki ta sake dubawa. Wannan lokacin ne fa tsarin yake ba ka a matsayin riba.

Kuma don Allah duk wanda zai gwada, ya ajiye tuƙi. An auna a Ostireliya, wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hankalinsa ya yi daidai da na wanda ya sha giya har ta kai ma'aunin da ƙasashe da dama suka hana tuƙi da shi. Na ga abin da gyangyaɗi a kan sitiyari ke kawowa asibiti. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Wanda kuma yake da farfaɗiya, ko ciwon da ke sa yanayin ransa hawa da sauka, ko mai juna biyu, wannan kada ma ya fara, rashin barci na iya yi masa illa.

Ɗan Kwamfuta

Na gode ƙwarai, ina karantawa. Maganar tuƙi ta taɓa ni, don ina tuƙi zuwa aiki kullum, kuma ni nake sauke yara. Amma Malam, ina da tambaya. Na karanta cewa mutanen da ba a dunƙule suke barci ba, wai wutar lantarki ce ta kawo barci ɗaya. In haka ne, ashe rarrabawar ce asali?

Malam Mai Nazari

Akwai gaskiya a ciki, amma masu tallar Uberman sun ja ta inda ba ta je ba. Wani masanin tarihi, Roger Ekirch, ya tattara ɗaruruwan ambato daga tsofaffin takardun Turai, na kotu da na likitoci da wasiƙu, inda ake maganar barcin farko da barci na biyu. Mutane su kwanta bayan duhu ya yi, su farka wajen tsakar dare su yi kamar awa ɗaya a farke, su sake komawa har safe. A farkon shekarun 1990 kuma Thomas Wehr ya sa mutane cikin duhu na awa 14 kowace rana har wata guda. Bayan sun biya bashin barcin da ke kansu, sai barcinsu ya rabu biyu da kansa, kamar awa 4 da awa 4, da farkawa a tsakani.

Ka lura da lissafin: 4 da 4. Ba su rage komai ba. Dare ne ya yi musu tsawo suka baje a cikinsa. Kuma ba ko'ina ba ne haka. A 2015 Jerome Siegel da abokansa sun auna barcin wasu al'ummomi 3 da ba su da lantarki, a Tanzaniya da Namibiya da Bolibiya, suka tarar yawanci a dunƙule suke yin sa, kusan awa 6 zuwa 7.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice wajen nazarin gajerun barci shi ne Claudio Stampi, kuma a kan masu tseren jirgin ruwa su kaɗai a teku ya yi aikinsa. Mutumin da in ya yi barcin awa 8 jirginsa zai iya karo da wani abu. A irin wannan hali gajerun barci sun fi babu, nesa ba kusa ba. Dabara ce ta rage asara ga wanda ba shi da zaɓi. Kai kana da zaɓi.

Baban Sadiq

Ni wani ɓangaren nake kallo da ba a taɓo ba. Ɗan Kwamfuta, ka ce iyali na da haƙƙi. To mutumin da zai zauna da su da yamma, wane ne? Wanda ya yi awa 4? Ni na san kaina, in barci bai ishe ni ba, ƙaramin abu ke tunzura ni. Yaro ya zubar da ruwa sai ka ji kamar gidan ya rushe. Uwargida ta yi maka magana sau biyu ba ka ji ba. Manhajar da kake yi don yara ce, kada yaran gidanka su biya kuɗinta. Ka yi shawara da ita kafin ka sa ƙararrawa ta riƙa kaɗawa ƙarfe 2 na dare a ɗakin da ba kai kaɗai ke kwana ba.

Ɗan Dare

To amma ku yarda mutane sun bambanta. Akwai waɗanda awa 5 ke isarsu tun suna yara.

Nas ɗin Dare

Akwai, amma ba su da yawa ko kaɗan. A 2009 Ying-Hui Fu da tawagarta a Kalifoniya suka gano wani sauyi a ƙwayar halitta a jikin wata uwa da 'yarta, waɗanda awa 6 da 'yan mintuna ke isarsu. Gado ne, ba horo ba. Kuma su ba sa buƙatar ƙararrawa, ba sa ramuwa ranar hutu. Ƙanena, ga gwaji mai sauƙi: ranar da ba ka da aiki, kashe ƙararrawa ka kwanta. In ka tashi da kanka bayan awa 4 da rabi garau, to wataƙila kana cikinsu. In ka wuce awa 9 kuwa, jikinka ya ba ka amsa.

Ɗan Dare

Ranar hutu nakan ɗan ƙara, gaskiya. Amma ina ganin wannan ba laifi ba ne, Anti. Kuma ni dai zanen da na yi a watannin nan ya fi wanda na yi a shekarar da ta wuce yawa. Wannan ba ji ba ne, takardun na nan a ajiye.

Maman Ilham

Wannan kam ban musa ba. Amma ka tambayi kanka, rage barcin ne ya kawo zanen, ko kuwa ware masa lokaci da ka yi wanda ba mai taɓa shi? Don ni abin da na tsira da shi daga gwajin ke nan. Na gane ba awa 4 nake nema ba. Awa ɗaya nake nema wadda take tawa ni kaɗai. Da na daina tsarin sai na nemo ta a wani wuri: ina kwanciya da wuri, ina tashi kafin kowa, in yi saƙata hankalina a tare. A wannan awa ɗayar nakan yi abin da ban yi a daren Everyman guda ba, kuma ba na warwarewa.

Malam Mai Nazari

Akwai ma wani abu da ya shafi ku biyun kai tsaye, mai jita da mai manhaja. A 2002 Matthew Walker da Robert Stickgold a Harvard sun koya wa mutane danna wasu maɓallai a jere da yatsu. Waɗanda suka yi barcin dare kafin a sake gwada su, saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 ba tare da sun ƙara atisaye ba. Waɗanda suka yini a farke na daidai wannan tsawon lokaci ba su samu wannan ƙarin ba. Ƙarin kuma ya fi alaƙa da barcin ƙarshen dare, wanda shi ne Everyman ke yankewa. Ɗan Dare, yatsunka na ci gaba da koyon jita kana kwance.

A 2004 kuma a Jami'ar Lübeck ta Jamus an ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyar gajerar hanya, ba a gaya musu akwai ta ba. Waɗanda suka yi barci a tsakani sun gano ta fiye da ninki biyu na waɗanda ba su yi ba. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan a aikace: ka kwana da matsala ta gagare ka, da safe kana wanke fuska amsar ta faɗo. Aikin sha'awa yawanci koyo ne da ƙirƙira, su ne kuma suka fi dogara da barci.

Ɗan Kwamfuta

Wannan ya faru da ni ba sau ɗaya ba, wallahi. To yanzu na fasa Everyman, musamman saboda tuƙi da yara. Amma matsalata na nan: in na dawo da yamma ba ni da sauran kai. Me za ku ce game da barci gida biyu ba tare da rage jimla sosai ba? Misali awa 6 da rabi da dare, da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 a lokacin hutun rana a wurin aiki, don in samu ƙarfin yin awa ɗaya da rabi da dare?

Nas ɗin Dare

Wannan kam magana ce. Gajeren barcin rana yana da hujja mai ƙarfi. Hukumar NASA mai binciken sararin samaniya ta Amurka ta gwada shi a kan matuƙan jirgin sama masu dogon zango a shekarun 1990: an ba su damar hutun minti 40, suka samu barcin kamar minti 26, kuma sun fi waɗanda ba su yi ba farkawa lokacin sauka. Sharuɗɗan dai: kada ta wuce minti 30, don in ka nutsa cikin barci mai nauyi za ka tashi da magagi, ka yi rabin awa kana neman kanka. Kada ta wuce ƙarfe 3 na rana, in ba haka ba ta ci maka barcin dare. Kofi kuma rabinsa na nan a jini bayan kamar awa 5, don haka na yamma yana bin ka har gado ko da kana ganin ba ya hana ka barci.

Wanda yake fama da rashin barci da dare, shi kuma ƙailular ma ba a so ya yi, ta kan ƙara dagula masa.

Kafinta

Ni da zan ba ka shawara, juya shi za ka yi. Kada ka ba manhajar ragowar yininka, ka ba ta farkonsa. Kuma ka shirya komai tun dare. Ni kafin in kwanta nakan auna katakon, in ja layin fensir, in jera kayan aiki a kan benci. In lokacin ya zo babu tunanin daga ina zan fara, hannu kawai zan sa. Yawancin lokacin da muke cewa babu, a wajen shiri da neman inda aka tsaya yake tafiya. Kai ma ka rubuta wa kanka layi ɗaya: gobe ga abin da zan gyara.

Baban Sadiq

Kuma ka duba wayarka, akwai wurin da take nuna awa nawa ka yi kana kallonta a mako. Kafin ka taɓa barci, fara taɓa wannan.

Ɗan Dare

Ni dai ban sauka gaba ɗaya ba tukuna, amma zan yi abin da Anti ta ce ranar hutu, in ga awa nawa jiki zai ɗauka. Malam, akwai hanyar da mutum zai auna kansa a gida, ba da ji ba?

Malam Mai Nazari

Akwai. Nemi manhajar gwajin saurin martani, irin wadda alama ke bayyana a fuskar waya ba zato, kai kuma ka taɓa da sauri. Irin gwajin da Dinges ya yi amfani da shi ke nan, nasu na minti 10 ne. Ka riƙa yi a lokaci ɗaya kullum, kana rubutawa. Kada ka kalli matsakaicin saurin kawai, ka ƙirga sau nawa ka wuce rabin daƙiƙa kafin ka taɓa, don a nan rashin barci ke fara nunawa. Yi mako 2 a tsarinka na yanzu, sannan mako 2 kana awa 7 da rabi. Kwanakin farko na canjin kada ka sa su a lissafi, jiki na biyan bashi a lokacin. Ka haɗa da wani abu daga aikinka, misali waƙa ɗaya da kake koya, sau nawa kake tuntuɓe a cikinta.

Ɗan Kwamfuta

Ni ma zan yi gwajin, in kwatanta safiya da dare in ga wanne ya fi min. Abu ɗaya ya rage: a wurin aikinmu babu inda mutum zai miƙe. Ƙailula a zaune tana yi?

Nas ɗin Dare

Tana yi, ko da ba ta kai ta kwance ba. In kana da mota, kwantar da kujera, ka ɗan sauke gilashi, inji a kashe. In babu, kujera mai jingina da abin da zai tare maka wuya ya isa. Rufe ido da wani ƙyalle, sa ƙararrawa minti 25 don ka ba kanka minti 5 na nutsuwa. Kwanakin farko wataƙila ba za ka yi barcin ba, kada ka damu, ka dai riƙa kwanciya a lokaci ɗaya, jiki zai gane. In ka tashi ka fita haske ka wanke fuska kafin ka koma kan aiki.